Yadda ake kwashe waƙoƙi daga faifan CD zuwa kwamfuta ba tare da sautin ya lalace ba

Kawuna ne ya fara tsokano min wannan maganar shekarun baya. Yana da wani kwali cike da faya-fayai a ƙarƙashin gado, akwai na ƙira'a da ya sayo a Saudiyya lokacin da ya je aikin Hajji, akwai na tafsiri, akwai na makaɗan gargajiya, sai ƴan na Sudan guda huɗu ko biyar da ba ya bari kowa ya taɓa. Da rediyonsa mai cin faifai ya fara gardama sai ya ce in juye masa su a kwamfuta in zuba masa a memori. Na yi aikin a kwana biyu ina ta murna, na kunna masa a laftof ɗina, ya saurara kamar minti ɗaya ya girgiza kai ya ce, kai yaro wannan ai ba muryar ba ce, na'urar taka ta shanye masa rai. Na yi ta musu da shi wai ai duk abu ɗaya ne. Daga baya na gane ya fi ni gaskiya, amma ba ta inda yake zato ba. Juyewar ba ta ci komai ba. Ni ne na bar manhajar ta matse sautin yadda ta ga dama, sannan na kunna masa a ƴar sifikar laftof da ko kukan sauro ba ta iya fitarwa da kyau.

Toh tun daga lokacin na kwashe faya-fayan da ban san adadinsu ba, nawa da na mutane, kuma tambayar da ake min kullum ita ce wai kwashe waƙa daga faifai yana rage ingancin sauti? Amsar a taƙaice a'a. Abin da ke cikin faifan CD lambobi ne, ba kamar kaset ba da in ka juye daga wannan zuwa wancan sai shuuu ɗin nan ya ƙaru, a juyi na uku murya ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Kamfanonin Sony da Philips da suka fito da CD a 1982 sun tsara shi ne yadda ake auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16, gefe biyu hagu da dama, in ka lissafa zai ba ka 1,411 kbps, wato yawan bayanan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. In kwamfuta ta karanta lambobin nan daidai ta ajiye su daidai, toh abin da ke hannunka shi ne ainihin abin da ke faifan, ba ragi ba ƙari. Ɓarnar tana shigowa ne ta ƙofa uku, ko faifan ya karce manhajar ta yi cika-cike a inda ta kasa karantawa, ko ka ajiye a tsarin da ke zubar da wani ɓangare na sautin, ko kuma dama can abin da aka zuba a faifan rubabbe ne. Duk matakan da ke ƙasa toshe ƙofofin nan uku ne.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta mai Windows, ko tsohuwa ce ba komai, aikin ba ya buƙatar ƙarfi. Sai injin karanta faifai. Laftof ɗin yanzu yawanci ba sa zuwa da shi, sai ka nemi na waje mai igiyar USB, ana samu a kasuwar ƴan kwamfuta, sabo ko na hannu. Kar wani ya ruɗe ka wai sai mai tsada ne ke fitar da sauti mai daɗi, in dai injin ya karanta daidai toh mai arha da mai tsada fayil iri ɗaya sak za su ba ka. Inda suke bambanta shi ne juriya a kan faifan da ya sha wahala, shi ya sa ni nake ajiye guda biyu, wani faifan wannan zai ƙi shi wancan ya karɓa.

Manhaja kuma ni Exact Audio Copy nake amfani da ita, ana ce mata EAC, wani Bajamushe Andre Wiethoff ne ya rubuta ta tun 1998, kyauta ce. In ta yi maka wuyar sha'ani akwai CUERipper da fre:ac, su ma kyauta. Masu Mac su nemi XLD. Akwai dBpoweramp mai sauƙin aiki amma ita sai an biya. Sai Spek, wata ƴar ƙaramar manhaja da ke nuna hoton sauti, zan faɗi amfaninta a gaba.

Sai tsumma mai laushi irin na goge tabarau, ruwa mai tsabta, ɗan sabulun wanke kwanuka na ruwa. Sai wurin ajiya, ka lissafa kamar MB 300 zuwa 450 ga kowane faifai cikakke in za ka ajiye a FLAC (tsarin ajiye sauti da ba ya zubar da komai), wato faifai 100 zai iya cin kusan GB 40. Sai abin sauraro na kunne mai ɗan kyau. Kuma ka cika batirin laftof kafin ka fara, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar faifai mai karce wanda ya riga ya ci maka minti 40, ranka ne zai ɓaci a banza.

Mataki na 1: Gano wane irin faifai ne a hannunka

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara, don a wurinmu duk abu mai zagaye mai sheƙi sunansa CD. Saka faifan ka buɗe shi a kwamfuta ka ga me ke ciki.

In ka ga Track01.cda, Track02.cda haka har ƙasa, toh wannan shi ne faifan sauti na ainihi, shi ne wanda wannan bayanin ya shafa. Kuma don Allah kar ka yi kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi, wato ka kwafi waɗannan .cda ɗin ka zuba a filash ka ce ka gama. Kowane ɗaya bytes 44 ne kacal, ba waƙa a ciki, alama ce kawai da Windows ke nunawa ta inda waƙar ta fara a faifan. Na taɓa ganin wanda ya kwafe faifai wajen 30 a haka cikin minti goma yana ta yabon saurin kwamfutarsa, ya mayar wa mai su, sai da ya isa gida ya kunna ya ji tsit.

In kuma ka ga fayiloli masu .mp3, sau da yawa waƙa 100 ko fiye a faifai ɗaya, irin wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa, toh wannan ba ya buƙatar wata manhaja. Kwafa kawai za ka yi ka liƙa kamar daga filash. Kar ka ce za ka mayar da su FLAC ko WAV don su ƙara kyau, ba za su ƙara ba, girman fayil kawai za ka ƙara. Faifan sauti na gaske ba ya wuce minti 74 zuwa 80, don haka duk faifan da aka ce maka akwai awa bakwai na wa'azi a ciki ka san MP3 ne.

In ka ga folda mai suna MPEGAV da fayiloli irin AVSEQ01.DAT, wannan VCD ne, irin wanda aka riƙa sayar da finafinan Hausa da waƙoƙin bidiyo a kai a Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni. Sautin VCD dama a matse yake tun asali, MP2 ne a 224 kbps. Ka kwafe fayil ɗin DAT ɗin yadda yake, VLC na kunna shi. In sautin kaɗai kake so ba tare da an sake matse shi ba, manhajar ffmpeg, wadda ake rubuta mata umarni, na iya zare shi da wannan umarnin: ffmpeg -i AVSEQ01.DAT -vn -c:a copy waka.mp2

Mataki na 2: Duba faifan ka wanke shi

Ɗaga shi saitin haske ka karkata. Ƙura da shatin yatsa da maiƙo su ne rabin matsalar, musamman faifan da ya yi hunturu biyu uku a cikin mota. Fara hure ƙurar ko ka zuba masa ruwa, kar ka goga tsumma a kan busasshiyar ƙura don yashi ne, kai da kanka za ka karce shi. Ɗiga sabulu kaɗan, shafa da yatsa a hankali, ɗauraye, sannan ka goge daga ramin tsakiya zuwa baki, miƙe, kamar kana zana hasken rana. Kar ka goga a zagaye. Dalili shi ne bayanan a zagaye suke kwance, karcen da ya ratsa su a tsaye faifan na iya gyara shi da kansa, amma wanda ya bi layin ya kwanta a kai yana cinye dogon wuri a jere, gyara ya gagara. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare, na ga masu fesa turare wai yana wanke faifai, roba yake ci.

Abin da mutane ba su sani ba, gefen da aka yi rubutu da hoto ya fi gefen mai sheƙi rauni. Bayanan suna dab da saman ne, ɗan siririn fenti kawai ya rufe su. In ka ɗaga faifai ka ga haske na ratsowa ta wasu ƴan ƙananan huji, ko azurfar ta fara ɓarewa, wurin ya tafi kenan, ba wankin da zai dawo da shi. Kuma faifai daga ciki yake fara karatu ya fito waje, shi ya sa za ka ga waƙoƙin farko lafiya lau amma na ƙarshe ne ke tsalle, don bakin faifai ne ke shan hannu da faɗuwa.

Maganar goga man goge baki a kan karce, eh wani lokacin yana taimakawa don yana ɗan lallashe robar, amma ka bar shi ya zama dabarar ƙarshe bayan ka riga ka kwashe duk abin da zai kwasu. Na taɓa ƙarasa kashe wani faifan da shi.

Mataki na 3: Saita manhajar, sau ɗaya ne kawai

Girka EAC, wurin girkawa ka bar alamar FLAC da AccurateRip a kunne. Saka faifan sauti mai lafiya a injin. Danna F10, zai buɗe maka Drive Options. Danna Detect Read Features ka bar shi ya gwada injin, sannan ka zaɓi Secure mode. Ka tabbata akwai alama a Drive caches audio data, ni ko gwajin ya ce injin ba ya yi ina saka ta, don wasu injinan suna riƙe abin da suka karanta a ƙwaƙwalwarsu, in manhajar ta ce a sake karantawa sai su miƙo mata tsohon kuskuren ta ɗauka an tabbatar. Wurin C2 kuma, wato inda injin da kansa ke faɗin ya yi kuskuren karatu, na fi barin shi babu alama, ba kowane inji ke faɗin gaskiya a nan ba.

Me ya sa duk wannan wahalar? Faifan sauti yana da tsarin gyara kuskure a jikinsa, amma bai kai na faifan data ƙarfi ba. A kowane yanki faifan data yana ajiye bytes 2,048 ya bar sauran don ƙarin kariya, shi kuwa na sauti ya cika 2,352 ɗin duka da sauti. In rediyo ya zo wurin da ya kasa karantawa sai ya duba lambar gaba da ta baya ya ƙiyasta ta tsakiya ya wuce, kunne ba ya ji in wurin ƙarami ne. Manhaja mai gaggawa ma haka take yi, ko ta bar maka ƙas ƙas a ciki, kuma ba za ta faɗa maka ba. Secure mode kuwa karanta kowane wuri yake aƙalla sau biyu ya gwada, in ba su zo ɗaya ba ya yi ta maimaitawa har sai ya samu amsar da ta tsaya, in ya kasa ya rubuta maka minti da daƙiƙar da abin ya faru.

Danna F9 kuma, a shafin Extraction ka mayar da Error recovery quality zuwa High. Sai ka leƙa shafin Normalize ka tabbata a kashe yake. Wannan Normalize ɗin yana canza ƙarar waƙa ne, da zarar ka kunna shi lambobin sun canza, ba kwafin faifan ba ne kuma.

Sai maganar AccurateRip. Wani rumbu ne a intanet da ke ajiye lambar tantancewa ta faya-fayan da mutane a duniya suka kwashe, in taka ta zo daidai da ta wasu toh ka san ba kuskure ko ɗaya. In ka saka faifan da rumbun ya sani, wani akwati zai fito da kansa ya ce a saita, ka danna Configure. A nan ne yake gyara ɗan gocewar da kowane inji ke da ita wurin fara karatu, wani +6 wani +667, awo ne fa daga cikin 44,100 na daƙiƙa ɗaya. Gaskiyar magana faya-fayanmu na Hausa da na malamai da wuya ka same su a rumbun nan, sai dai ka ari faifan waje na asali ka saita da shi. In ba ka samu ba ka wuce abinka, gocewar ba ta taɓa ingancin sauti, ba kunnen da zai ji ta.

Mataki na 4: Zaɓi tsarin da za ka ajiye

Nan ne ainihin inda sauti ke mutuwa ko ya rayu, nan ne kuma na yi wa kawu ɓarna.

WAV shi ne sautin ɗanye yadda yake a faifai, kamar MB 10 kowane minti. Ba ya rage komai amma yana cin wuri kuma ba ya riƙe sunan waƙa da na mawaƙi da kyau.

FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse fayil ya dawo kusan rabi ko sama da rabi kaɗan, amma ba ya zubar da komai. Kamar ka ninke babbar riga ka saka a jaka ne, in ka warware ta rigar ce dai ba a yanke ko zare ɗaya ba. Za ka ji masu cewa WAV ya fi FLAC daɗi a kunne, ni dai na mayar da FLAC zuwa WAV na gwada lambobin da na asali sun zo ɗaya sak, toh ban san me suke ji ba. Lambar matsi daga 0 zuwa 8 da za ka gani ba ta shafi inganci, girman fayil da lokacin aiki kawai take canzawa, bar ta a 5 ko 8. Masu iPhone suna da irinsa, ALAC, wato Apple Lossless.

MP3 da AAC da WMA su kuma yanka rigar suke yi. Suna duba sautukan da ake ganin kunne ba zai lura da su ba su zubar, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa har abada. A 128 kbps kusan kashi ɗaya cikin 11 na bayanan asali ne ya rage. A magana zalla kamar wa'azi ba za ka damu ba, amma a kiɗa mai kalangu da shantu da ƙarafuna masu kaifi za ka ji saman sautin yana wani ruwa-ruwa kamar ana kaɗa cokali a kofi a ɗaki na gaba. A 320 kbps ko V0 na LAME (LAME manhajar haɗa MP3 ce, V0 kuma saitinta ne mai inganci sosai) kuwa yawancin mutane, har da ni, ba sa iya bambancewa da faifan.

Shawarata ita ce ka kwashe a FLAC ka ajiye a matsayin uwa, daga ita sai ka riƙa haifar MP3 don waya da mota. A EAC ka danna F11, wurin External Compression ka tabbata FLAC ne a zaɓe.

In ba ka da EAC kuma ba data da za ka sauke, Windows Media Player ma na yi. Shiga Rip settings ka canza Format zuwa FLAC in Windows 10 ne ko sama, ko WAV, kar ka yarda da abin da ka tarar a wurin. A iTunes ka shiga Import Settings ka zaɓi Apple Lossless ka saka alama a Use error correction. A kan faifai mai lafiya sakamakonsu ɗaya da EAC, matsalar dai in an samu kuskure shiru za su yi maka.

Mataki na 5: Rubuta sunaye kafin ka kwashe

Faifan waje in akwai intanet sunayen za su fito da kansu daga rumbu irin MusicBrainz. Namu kuwa Track01 Track02 za ka gani, sai ka zauna ka rubuta da hannu, sunan mai waƙa ko malami, sunan faifan, shekara in an rubuta a kwali. Yi shi yanzu kwalin na hannunka. In ka ce sai daga baya, wata uku za ka tarar da folda 20 duk Unknown Artist. Wani abu kuma, rediyon mota da ƙananan sifikun memori da yawa ba sa gane ƙ da ɗ da ɓ, akwati ko alamar tambaya suke nunawa, don haka a sunan fayil na fi amfani da k da d da b zalla.

Mataki na 6: Kwashewa

Danna F4 ya gano tazarar da ke tsakanin waƙoƙi. Zaɓi duka, sai ka danna Shift da F6 tare, wato Test and Copy. Zai karanta kowace waƙa sau biyu, na farko gwaji na biyu kwafi, kowanne ya fitar da lambar CRC, wato lambar tantance abin da aka karanta. Zaɓi folda ka bar shi. Ajiye injin a kan tebur mai ƙarfi, ba kan katifa ko cinya ba, kar a jijjiga shi, in na USB ne ka soka shi kai tsaye a jikin laftof.

Faifai mai lafiya minti 10 zuwa 25 ya gama, ya danganta da injin. In ka ga wasu jajayen ɗigo suna kunnuwa a wurin Error correction, ya iso karce kenan yana fama. Ƙyale shi. Amma in ya wuce awa ɗaya a waƙa ɗaya kuma injin ya yi zafi, tsayar da shi ya huta, kar ka ƙona inji saboda waƙa guda.

Mataki na 7: Karanta rahoton

Da ya gama zai nuna maka rahoto, ka adana shi a foldar. Abin da kake nema, Test CRC da Copy CRC su zo iri ɗaya a kowace waƙa, a ƙasa kuma ya ce No errors occurred. In faifan na cikin rumbu za ka ga Accurately ripped da lambar confidence, wato yawan waɗanda kwafinsu ya zo daidai da naka, ko 2 ce ta wadatar. In ya ce faifan ba ya cikin rumbu ba laifi ba ne, CRC ɗin ya ishe ka. Kar Track quality ya tsorata ka, in ka ga 99.8 ba yana nufin an rasa wani abu ba, yana nufin sai da ya maimaita karatu a wasu wurare kafin ya samu.

Wanda za ka kula da shi shi ne Suspicious position, zai ba ka lokacin, misali 0:03:12. Saka abin kunne ka je daidai wurin ka saurara sau uku. Sau da yawa ba za ka ji komai ba, sai ka bar shi haka. In ka ji ƙas ko tsalle, sake wanke faifan, rage gudun injin, ko ka canza inji. Wani abin mamaki, faifan da ya karce sosai wani lokacin Burst mode, wato karatu sau ɗaya ba maimaitawa, ya fi yi masa, don maimaita karatun nan na Secure yana sa injin ya ƙara rikicewa, sai ka yi Test and Copy a Burst, in CRC biyun sun zo ɗaya toh ka dace. Manhajar CUETools ma na iya gyara ƴan kurakurai in faifan na cikin rumbunsu.

In duk ya ƙi, kuma abin da ke ciki ba a samunsa a ko'ina, akwai hanyar ƙarshe. Kunna faifan a na'urar DVD ta gida, ja waya daga jan rami da farin rami na bayanta zuwa kwamfuta ka naɗa da manhajar Audacity. Wannan kam yana rage inganci don sautin ya fita daga lambobi ya sake komawa, amma da babu gara ba daɗi.

Mataki na 8: Bincika ko faifan kansa na gaske ne

Wannan ne ke ba mutane haushi. Ka yi komai daidai, rahoto ya yi kyau, FLAC ya fito MB 30, amma sauti kamar na rediyon gajeren zango. Dalili, mai shagon da ya buga faifan daga MP3 ya ɗauko, wataƙila ma wanda ya zaga wayoyi goma, ya ƙona shi a matsayin faifan sauti. EAC ta kwafe maka rubabben abu da aminci kenan. Juya faifan ka gani, in ƙasansa kore-kore ne ko shuɗi-shuɗi kuma kana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya, CD-R ne da aka ƙona a kwamfuta, ba bugun kamfani ba.

Ja fayil ɗin ka jefa a Spek. Sautin CD na iya kaiwa har kusan 22 kHz, za ka ga launi na hawa sama yana dushewa a hankali. In ka ga an yanke shi ƙat a wajen 16 kHz kamar an sa reza, sama baƙi ƙirin, toh alama ce mai ƙarfi cewa daga MP3 na 128 aka ɗauko. Sai dai a yi hattara da tsofaffin naɗi, waƙar da aka ɗauko daga kaset ko faifan garmaho dama ba ta da sautin sama sosai, amma ita dushewa take yi, ba yankan reza ba. Irin wannan faifan da aka ƙona daga MP3, ni dai ina ajiye FLAC ɗin in abin ba ya samuwa, in kuma zan yi MP3 daga gare shi ba na sauka ƙasa da 256, don matsi a kan matsi shi ne ke ƙarasa kashe sauti.

Mataki na 9: Yi na waya, ka gwada kunnenka

Buɗe fre:ac ko foobar2000, jefa FLAC ɗin, zaɓi MP3 da LAME. Kiɗa V0 ko 320, waƙar minti biyar a 320 tana kai MB 12. Karatu da wa'azi 128 ya isa. Kullum daga FLAC za ka fitar, kar ka mayar da MP3 zuwa wani MP3. Turawa ta Xender ko kebul ko memori ba ta canza fayil ko kaɗan. A WhatsApp ka tura a matsayin Document don ya isa yadda yake. Sauraro ta Bluetooth kuwa yana sake matse sautin a hanya kafin ya kai sifika, don haka kar ka yanke wa kwafinka hukunci da shi.

In gardama ta tashi irin tamu da kawu, ga yadda na raba ta. Na haɗa rediyon faifai da laftof a sifika ɗaya, na daidaita ƙararsu, don wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne kunne zai ce ya fi daɗi, na sa ya juya baya ƙanena na canzawa ba tare da ya faɗa ba. A tsohon kwafin nan na 128 ya kama ni kusan kowane karo a waƙoƙin Sudan ɗin, wurin goge da tafi. Da na sa FLAC sai ya koma canki-canka, can ya ce a bar maganar haka shayinsa na hucewa. A foobar2000 akwai ƙarin ABX Comparator da ke yin irin wannan gwajin in kai kaɗai ne.

Mataki na 10: Ajiya

FLAC ɗin ka ajiye a wuri biyu aƙalla, kwamfuta da wata ma'ajiya ta waje, filash mai arha shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Kuma wannan don faya-fayanka ne da amfanin gidanka, ba don ka buɗe shagon tura waƙar mutane ba, masu ita da ita suke ci. Faya-fayan kuma kar ka zubar ko ka rabar don ka kwashe, ni na yi wannan wautar a karon farko, na ba yara wasu suka yi wasa da su, da na gane 128 na ajiye babu inda zan koma. Mayar da kowanne gidansa, jera su a tsaye, nesa da rana da zafin mota, musamman CD-R don sinadarin da ke riƙe rubutunsa zafi da haske na cinye shi a hankali. Su za ka fara kwashewa kafin na kamfani.